Yadda ake mayar da kwanson .308 ya zama na .243 Winchester

Shekarar da ɗana ya cika goma sha uku ya ce shi ma zai riƙa bi na farautar barewa a filayen Wayomin, inda muke zaune a Amurka. Bindigata .308 ce, shurinta ya fi ƙarfin kafaɗar yaro, sai na sayo masa .243 Winchester. A 2021 ne wannan, lokacin da harsashi ya yi ƙaranci a shagunan ƙasar nan, ka shiga ka tarar da kanta fayau. Kwanson .243, wato ɓawon tagulla na harsashi da ake sake cikawa bayan an harba, ya gagara samuwa, na .308 kuwa ga shi nan cike da bokiti a garejina. Abin da ya sa na koyi wannan aiki ke nan, kuma har yau ban daina ba.

Kafin komai, maganar doka. A Amurka mutum yana iya haɗa harsashinsa na farauta a gida don amfanin kansa, sai in zai sayar ne ake neman lasisi. A Najeriya ba haka ba ne: dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi da kansa. Saboda haka wannan bayani na wanda ke zaune inda doka ta yarda ne, wanda kuma ya riga ya iya sake cika kwanso na yau da kullum. Wanda bai taɓa cika ko ɗaya ba, ba nan ne mafarinsa ba.

Abin da ya sa aikin ke yiwuwa shi ne .308 da .243 'yan gida ɗaya ne. Kamfanin Winchester ya fito da .308 a 1952, bayan shekara uku, a 1955, ya matse wuyan wannan kwanso ya sa masa siririn kai ya kira shi .243. Daga baya Remington ya bi sahu da 7mm-08 a 1980 da .260 a 1997. Dukansu gindinsu ɗaya, faɗinsa inci 0.473, kafaɗarsu ɗaya mai karkatar digiri 20, inda kafaɗar ke zama ma ɗaya. Wuya kaɗai ya bambanta. Kan harsashin .308 kaurinsa inci 0.308, na .243 kuwa inci 0.243, wato inci 0.065 za ka rage.

Ga abin da nake so ka riƙe tun daga nan: tagulla ba ta ɓacewa. In ka matse faffaɗan wuya ya koma siriri, ƙarfen da ke wurin sai ya nemi inda zai je. Kaɗan ya tafi a tsawo, sauran ya koma kauri. Matsewar kanta yaro ma ya iya. Wurin da ake samun hatsari shi ne kaurin nan, kuma ido ba ya ganinsa, sai awo.

Kayan aiki

Kana bukatar injin matsi mai ƙwari na ƙarfe, irin mai karɓar dayi ɗaya, a ɗaure da kyau a kan teburi. Dayi shi ne guntun ƙarfen nan mai rami da ake murɗawa a saman injin, wanda ke ba kwanso siffa. Lallai ka sami na .243 mai gyara kwanso gaba ɗayansa, sannan na 7mm-08, in da hali da na .260. Sai mariƙin gindi, wanda guda ɗaya ya ishe su duka. Sai kakin shafawa, ni na Imperial nake amfani da shi. Sai ma'aunin kalifa, da maikuromita mai dunƙulallen baki don auna kaurin bangon wuya, da abin datse tsawo, da ɗan abin goge baki ciki da waje, da abin feƙe wuya, da fitilar gas mai hura wuta. Tabarau na kare ido kada ya bar fuskarka.

Mataki na farko: zaɓen kwanso

Zube su a kan tire ka juya gindinsu sama ka karanta tambarin. Ware na kamfani ɗaya, domin kaurin tagulla ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma in ka cakuɗa su awonka ba zai taɓa daidaita ba. Mafi kyau shi ne sabo ko wanda aka harba sau ɗaya. Wanda ya sha harbi sau biyar ko shida wuyansa ya riga ya taurare, tsagewa zai yi.

Bi su da maganaɗisu. Duk wanda ya manne na ƙarfe ne, jefar. Haska cikin kowanne da tocila: in ka ga rami ɗaya a tsakiya, irin Boxer ne, shi ake so. In ka ga ƙananan ramuka biyu, irin Berdan ne, zai karya maka tsinken cire firaima. Firaima ita ce 'yar maɓallin da ke gindi, wadda ke tayar da wuta. Sannan ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka zura ciki, ka kankari bango kusa da gindi. In ka ji ta faɗa wani ɗan kwari, kwanson ya kusa rabuwa biyu, ba shi da sauran amfani.

Akwai kwanson soja mai lamba 7.62, ɗan'uwan .308, wanda ake samu da araha a nan. Yana yiwuwa, amma ban ba mai farawa shawararsa ba. Sau da yawa bangonsa ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, kuma an daddatse bakin ramin firaimarsa, sai ka gyara shi kafin sabuwa ta shiga. Aiki biyu ke nan a kan wanda kake da shi.

Cire tsofaffin firaimomi, ka wanke kwanson tas ya bushe. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce cikin dayi, daga nan kuma kowane kwanso ya fito da zane a jiki. Ka ɗebi fiye da abin da kake bukata. In hamsin kake so, fara da sittin.

Mataki na biyu: matse wuya

Ɗauki abin goge baki ka ɗan zagaya bakin kowane kwanso ta waje, juyi ɗaya ko biyu, don ya shiga dayi ba tare da ya sarƙe ba. Sannan ka taɓa kakin da ɗan yatsa, ka murza kwanson tsakanin yatsunka. Jiki ya samu, wajen wuya ya samu ɗan kaɗan, kafaɗa kuwa a bar ta kusan a bushe. In kaki ya taru a kafaɗa ba shi da hanyar fita, sai ya lotsa ta, ka ga ramuka kamar an danna da farce. In kuma ya yi kaɗan a jiki, kwanson ya maƙale a cikin dayi, gindinsa ya yage, ka wuni kana fama. Tsakanin waɗannan biyun ake tafiya, kuma kwanso biyar na farko su za su koya wa yatsunka.

Akwai masu tura .308 kai tsaye cikin dayin .243 da bugu ɗaya. Wani lokaci yana fita lafiya. Ni dai na gwada, asarar ta yi yawa: wasu kafaɗarsu ta durƙushe, wasu wuyan ya yi ninki a tsaye. Hawa-hawa ya fi. Dayin 7mm-08 zai kai wuyan inci 0.284, na .260 ya kai shi 0.264, na .243 ya ƙarasa. Kowane zango kusan inci 0.020 ne ko ɗan fiye, tagulla tana ɗaukar wannan ba gardama. In dayi biyu kawai gare ka, yi da 7mm-08 sannan .243, ka ƙara natsuwa a zango na biyu.

A dayin tsakiya ka cire sandar da ke ɗauke da dunƙulen buɗa wuya, domin babu amfanin ka matse ka sake buɗewa. Kada kuma ka murɗa dayin har ya taɓa mariƙin gindi. Ja shi baya kaɗan, yadda zai matse wuya har kusa da kafaɗa ba tare da ya tura kafaɗar ba. Ja hannun injin a hankali, da nauyi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ni nakan kai rabi, in sauke, in juya kwanson kaɗan, sannan in ƙarasa. In ka ji ya cije fiye da sauran, tsaya ka duba, kada ka danna da ƙarfi. Gama dukkansu a dayi ɗaya kafin ka sauya.

Mataki na uku: zaman kafaɗa

Yanzu ɗaura dayin .243 da sandarsa a ciki, ka ɗan shafa kaki ko garin gurafait a cikin wuya don dunƙulen ya wuce sumul. Shi ma fara da shi a ɗan sama. Matse kwanso ɗaya, ka goge shi, ka sa a bindigar da za ta harba shi, babu firaima babu komai, ka rufe sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a cikin bindiga. In ta ƙi rufuwa ko ta yi tauri, murɗa dayin ƙasa ɗan mitsitsi, ka sake. Haka za ka yi ta yi har sakata ta rufu da ɗan taɓi kaɗan da kake ji a tafin hannu. Nan ne wurin, sai ka kulle zoben dayin.

Dalilin wannan haƙuri shi ne, in ka tura kafaɗa baya fiye da kima, kwanson zai riƙa wasa a mazauninsa. Da an harba sai ya miƙe daga wajen gindi, kuma nan ne yake tsinkewa bayan 'yan harbi. Wanda ke da ma'aunin kafaɗa da ake ɗaurawa a kalifa, inci 0.002 ƙasa da kwanson da aka harba a bindigar ya wadatar.

Mataki na huɗu: tsawo

Wannan ba ya cin lokaci. Iyakar tsawon .308 inci 2.015 ne, na .243 kuwa 2.045, ana datse shi zuwa 2.035. Ko da ya ɗan ƙaru wajen matsewa, kwansonka zai fito gajere kaɗan, kuma ba laifi. Nemo mafi gajarta a cikinsu, ka datse sauran su yi daidai da shi don bakin ya miƙe, ka goge kaushin ciki da waje. Amma kada ka ɗauka kowane sauyi haka yake. Mai mayar da .270 ya zama .25-06 dole ya datse sosai, domin .270 inci 2.540 ne, .25-06 kuwa 2.494. Kwanson da ya wuce tsawo bakinsa yakan shige maƙogwaron bindiga ya damƙe kan harsashi.

Mataki na biyar: kaurin wuya

A nan nake so ka ja kujera ka zauna.

Lokacin da aka harba bindiga, dole wuyan kwanso ya sami ɗan fili ya buɗe ya saki kan harsashi. In wuyan ya yi kauri har ya cika mazauninsa, ba inda zai buɗe. Kan harsashin ya zama a damƙe kamar a bakin filaya, ƙarfin wutar ya haura nesa da abin da littafi ya faɗa, alhali albarushin da ka zuba daidai ne. Wannan yana iya fasa kwanso, iskar wuta ta dawo fuskar mai harbi.

Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ma'aunin bindigogi da harsasai a Amurka tun 1926, ta sa iyakar kaurin wuyan .243 da kai a ciki inci 0.276, wurin zamansa a bindiga kuwa yana farawa daga 0.277. Yi lissafi: cire 0.243 daga 0.276, saura 0.033, raba biyu, 0.0165. Bangon wuyanka bai kamata ya kai haka ba ma, balle ya wuce.

Yadda za ka sani shi ne ka haɗa na gwaji: kwanso babu firaima, babu albarushi, ka dasa masa kan harsashi kawai, ka auna wuyan ta waje a wurare uku ko huɗu kana juyawa. Rukunina na farko, na kammala komai ina shirin zuba albarushi, sai wani dattijo maƙwabcina da ya daɗe a harkar ya leƙo garejin. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce in haɗa na gwaji in auna. Ma'auni ya nuna 0.278. Na sa a bindiga, sakata ta rufu amma da ƙyar, da na zaro sai ga wani zobe mai sheƙi a wuyan inda ya gogi ƙarfe. Bindigar da yarona zai kanga a kumatunsa ke nan. Na daɗe a tsaye da kwanson a hannu.

Magani shi ne feƙe wuya ta waje. Abin feƙewar yana da sanda da ke shiga cikin wuya, da 'yar wuƙa da ke aske waje. Da farko ka wuce da kwanson ta kan sandar buɗawa da ta zo da kayan, don wuyan ya hau sandar feƙewa daidai, ba sako-sako ba, ba kuma a ƙage ba. Ɗiga ɗan mai a sandar. Saita wuƙar ta ɗebi kaɗan, ka gwada a kan ɗaya daga cikin na asara, ka auna da maikuromita, ka ƙara. Ni ina tsayawa a bango mai inci 0.014 zuwa 0.015, wanda ke ba da 0.271 zuwa 0.273 da kai a ciki. Ga bindigar farauta da za ta sha ƙura da sanyi, ina so a sami fili aƙalla inci 0.003.

Juya kwanson a hankali, ko da hannu ko da injin huda mai tafiya sannu, kana tura wuƙar har ta ɗan taɓa mafarin kafaɗa. Taɓawa kawai. In ta nutse a kafaɗa ka raunana wurin, wata rana wuyan zai guntule ya zauna a cikin bindiga. In kuma ka tsaya nesa da kafaɗa, ka bar tudu, kuma tudun nan yakan koma ciki bayan harbi ya zama zobe a gindin wuya wanda ke tare kan harsashi. Sanda tana zafi in aiki ya yi yawa, zafi kuma yana sauya awo, saboda haka ka riƙa hutawa kana sake aunawa bayan kowane goma. Da ka gama, sake wuce da su ta dayin .243, ka sake haɗa na gwaji ka auna.

Mataki na shida: gashi

Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ce, kashi 30 tutiya, kuma halinta shi ne tana taurara in ana sarrafa ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin maƙeran tagulla a Bida ko Kano ya ga yadda suke mayar da ita wuta bayan sun yi ta bugu, don ta yi laushi kada ta tsage. Wuyan da ka matse sau uku yana bukatar haka.

Masu harkar sun rabu a kan ko kafin matsewa ake gashi ko bayanta. Ni bayanta nake yi, domin kafaɗar da ta yi laushi tun farko ita ce ke durƙushewa a cikin dayi.

Kwashe albarushi da firaimomi daga ɗakin gaba ɗaya, ka tabbata kwanson babu firaima. Shafa ɗigon fentin awon zafi, irin Tempilaq mai digiri 750 a ma'aunin Faranhait, kusan 400 a ma'aunin Salshiyos, a cikin wuyan 'yan kwanson gwaji. Sa kwanson a cikin soket mai zurfi da ke kan injin huda, ya riƙa juyawa, ka kai bakin harshen wuta inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Daƙiƙu kaɗan ne. Da fentin ya narke ka kifar da shi a tire na ƙarfe, ka riƙe adadin daƙiƙun, ka bi sauran da shi. In wuyan ya yi ja jawur, ya ƙone, jefar. Tsoma shi a ruwa ba ya taurara tagulla, ba ya kuma ƙara mata laushi, amfaninsa kawai ya tsayar da zafi kada ya gangara.

Gindi kuwa kada wuta ta kusance shi ko kaɗan. Taurinsa ne ke riƙe ƙarfin harbi. Kwanson da kake zaton zafi ya kai rabinsa na ƙasa, matse shi da filaya don kada wani ya tsinta, ka jefa a kwandon tagullar sayarwa.

Mataki na bakwai: harbin farko

Ba zan ba ka adadin albarushi ba. Wannan na littattafan da kamfanoni irin su Hornady, Sierra, Lyman da Hodgdon ke wallafawa ne, bayan sun gwada da na'urar auna ƙarfin harbi. Buɗe shafin .243, ba na .308 ba, ka fara daga mafi ƙarancin abin da aka rubuta, ko da kana da adadin da ka saba da shi a kwanson .243 na kanti. Cikin kwanson da ka sauya ba lallai ya yi faɗin wancan ba. Kana iya gani da kanka: auna nauyinsa babu komai da tsohuwar firaima a gindi, cika shi da ruwa har baki, sake aunawa, ka gwada da na kanti. In naka bai kai na kanti ɗaukar ruwa ba, ƙarfin harbinsa zai fi.

Cika biyar kawai. Ka harba da kanka, da tabarau, kana duba kowanne. Sakata mai tauri wajen ɗagawa, firaimar da ta baje ta cika raminta, tabo mai sheƙi a kan tambarin gindi, tsaga a wuya, kowanne ka gani ka tsaya. Sannan ka yi gwajin da na fi yarda da shi: ɗauki kwanson da ka harba yanzu, kafin ya sake shiga dayi, ka zura sabon kan harsashi a bakinsa da yatsu. Ya kamata ya shige sululu. In ya ƙi shiga, wuyan bai sami filin buɗewa ba, koma ka ƙara feƙewa. In ya shiga ya tsaya a gindin wuya, zoben nan ne ya fito, sai a share shi da abin kwarzane ciki.

Saura abu ɗaya. Gindin kwansonka har yanzu .308 yake cewa, kuma ba zai daina ba. A gidan da ke da bindigogin biyu, kamar nawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ware musu akwati mai launi dabam, na shafa jan maka a gindin kowanne, na manna takarda a murfi mai ɗauke da ainihin lambar harsashin, da irin albarushi da adadinsa, da nauyin kai, da rana, da sau nawa aka harba. Ranar da za mu fita, akwatin ɗana yana cikin jakarsa, nawa yana cikin tawa, kuma kafin ya sa ko ɗaya a bindiga sai ya karanta mini abin da ke jikin takardar da bakinsa.